Corolla ta 2008 da bashi a kanta: wace inshora zan yi da ba za ta cinye albashina ba?

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Bara na ci bashi a ƙungiyar ma'aikata ta wurin aikinmu, na haɗa da ɗan abin da na tara, na sayi Toyota Corolla ƙirar 2008, Beljiyam. Har yanzu ana yankar bashin a albashina, saura wata 14. A watan jiya aka sace motar maƙwabcinmu a wurin ɗaurin aure, kuma tun ranar uwargida ta hana ni sakat, wai lallai sai na yi wa tamu cikakkiyar inshora. Na je kamfani biyu. Na farko suka ce motar ta tsufa, ba sa yi wa irinta. Na biyu suka kimanta ta naira miliyan 7, suka ce in biya dubu 350 a shekara. Da zan fita wani ejan ya ja ni gefe, ya ce in rubuta miliyan 3 da rabi kawai, sai in biya rabin kuɗin. Yayana kuwa cewa ya yi duk asara ce, inshora caca ce, shi dubu 5 yake ba wani yaro a bakin ofishin lasisi ya kawo masa takarda, kuma shekara da shekaru babu wanda ya taɓa kama shi. Ni dai ba ni da dubu 350, amma ina tsoron in wayi gari ba mota ga bashi. Af, wani lokaci ranar Asabar nakan ɗauki fasinja zuwa Zariya don in sami na mai. Don Allah a ba ni shawara.

Daga wani mai Corolla, Kano

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a motar, ya tsare ka da sharrin ƙarfe, ya kuma mayar wa maƙwabcinka da mafificin alheri. Wannan maganar fasinjan Zariya da ka saƙala a ƙarshe da "af", ita ce ta fi nauyi a duk wasiƙarka, kuma zan dawo kanta. Bari mu fara da Yaya, tunda shi ne babba.

Takardar da yaron nan yake kawo wa yayanka, kusan tabbas ta bogi ce, kuma ba sai an yi dogon bincike ba. Hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ita ke yanka farashin ƙaramar inshora, wadda 'yan harkar ke kira tad-fati, wato wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna da motarka. Tun daga 1 ga Janairun 2023 ta ɗaga kuɗin motar gida daga naira dubu 5 zuwa dubu 15 a shekara. To wanda ya karɓi dubu 5, ya cire ladansa a ciki, ya kuma kawo takarda mai hatimi, ka san ba daga asusun wani kamfani ta fito ba, daga na'urar buga takarda ta fito. Yayanka yana iya gwadawa da kansa: ya danna *565*11# a wayarsa, ko ya shiga shafin askniid.org, ya sa lambar motar. Wannan rumbun bayanai ne na ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya, duk inshorar gaske tana bayyana a ciki. In ba ta fito ba, to bai da komai a hannu sai takarda. Maganar ba a taɓa kama shi ba kuwa, a gaya masa cewa tun 1 ga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda ta shelanta fara tilasta wannan inshora a faɗin ƙasar, kuma shi ma ɗan sandan yana da waya a aljihu.

Amma ni ba ɗan sanda ne abin da nake ji maka tsoro ba. Ka ɗauka kana tafe a titin Zariya, birki ya ɗan yi maka gardama, ka daki bayan wata dalleliyar jif. Fitilar baya ɗaya ta irin waɗannan motocin tana iya lashe albashinka na wata, balle bamba da murfin but. Ranar ne dubu 15 ɗin nan take nuna amfaninta, domin sabon tsarin ya ɗaga iyakar diyyar dukiyar wanda ka yi wa ɓarna daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Rauni ko rasa rai, Allah ya kiyaye, suna da nasu lissafin daban a cikin wannan inshorar. Abin da ba ta yi shi ne gyara taka motar ko biyan ka idan an sace. Saboda haka ba ita ce amsar kukan uwargida ba, amma ita ce tubalin farko, kuma ko me ka yanke daga baya, kada motar nan ta ƙara kwana ba tare da ta gaske ba.

Maganar Yaya ta caca kuwa, kada ka yi masa dariya, domin ba daga kansa ya ƙago ta ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci irin wadda aka saba tana da garari mai yawa, wato rashin tabbas a ciniki, ta kuma nuna inshorar taimakon juna a matsayin mafita. Wannan ita ce takaful, kuma a Sudan aka fara kafa kamfaninta a 1979. A Najeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, yanzu akwai kamfanoni masu lasisi irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful da Salam Takaful. A tsarinsu abin da ka biya gudummawa ce a asusun gama-gari, daga ciki ake biyan wanda tsautsayi ya faɗa wa, in an sami rara a ƙarshen shekara waɗanda ba su nemi diyya ba suna iya samun kaso. Kada dai ka shiga da tunanin za ka sami rangwame, farashin da hukuma ta ƙayyade ya hau kansu su ma. Ka kai wa Yaya wannan bayani cikin ladabi, in ya so ku je wurin malamin da ya yarda da shi. Ni abin da zan ƙara kawai shi ne, wanda yake gudun shubuha bai kamata ya fake da takardar jabu ba, don ita babu saɓanin malamai a kanta.

Yanzu dubu 350 ɗin da ta tsorata ka. Kamfanin nan bai cuce ka ba, bai kuma ga baƙon fuska ya tsuga maka ba. Sanarwar da ta ɗaga kuɗin tad-fati ita ce ta ce cikakkiyar inshora kada ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota, bayan an cire duk wani rangwame. Kashi 5 na miliyan 7 shi ne dubu 350 cif. Wato a ƙasan farashi suka ajiye ka, kuma ko ka zaga kamfani goma da ciniki irin na Kantin Kwari, mai bin doka ba zai sauka ƙasa da haka ba. Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne faɗuwar naira tun tsakiyar 2023. Motar tana tsufa, kuɗinta yana hawa, kuɗin inshorarta yana bin sa, albashi kuwa yana tafiyar hawainiya.

Su kuma na farko da suka ce ta tsufa, kada ka ji haushinsu. Kowane kamfani yana da shekarun da yake tsayawa a kai, kuma suna da dalili. Tsohuwar mota tana da wuyar kimantawa, sannan idan aka yi karo da wuya a rarrabe ɓarnar yau da tsohon ciwo. Ga shi da yawa daga motocin da muke kira Beljiyam ba su taɓa taka ƙasar Beljiyam ba. Daga Amurka da Kanada suke, wasu ma a wurin gwanjon motocin da suka yi haɗari aka saye su, bayan kamfanin inshora na can ya biya mai su ya karɓe, aka kawo nan fanal bita da mai fenti suka mayar da su amare. Wataƙila taka ta riga ta ci kuɗin inshora tun kafin ta shaƙi ƙurar Kano. Ba aibu ba ne, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sai dai shi ya sa duk kamfanin da zai karɓe ta zai turo a duba ta a ɗauki hotuna tukuna.

Shawarar ejan ita ce mafi haɗari a cikin ukun, saboda ta yi kama da dabara. Ga yadda take ƙarewa. Mota ta miliyan 7, ka rubuta miliyan 3 da rabi. In an sace ta, iyakar abin da za ka gani miliyan 3 da rabi ne, wanda ba zai saya maka irinta ba. In kuma karo aka yi, gyara ya kama miliyan 1, mai kimanta ɓarna zai ce rabin motar ka yi wa inshora, don haka rabin gyara za a biya, dubu 500, a kuma cire kason da yarjejeniya ta ce kai za ka fara ɗauka a kowace ɓarna. Ranar ba za ka ga ejan ba, ya riga ya karɓi kamashonsa. Ba na cewa mugu ne, wataƙila tausayinka ya ji, ya ga kana shirin fita hannu rabbana. Amma sa hannunka ne a kan fam ɗin, ba nasa ba. Kada kuma ka yi akasin haka ka kumbura kuɗin, domin darajar motar a kasuwa ranar da abin ya faru ita za a duba. In kana ganin miliyan 7 ta yi yawa, ka zaga wurin dillalan mota biyu ko uku ka ji nawa ake sayar da irin taka wadda aka riga aka hau a Najeriya, ba wadda ta sauka daga jirgi jiya ba. Idan gaskiyar kuɗinta miliyan 6 ne, to dubu 300 ke nan, ka rage dubu 50 ta hanyar halal.

Uwargida fa? Ina ganin ta fi ku duka hango inda ciwon yake. Ba ƙujewar fenti ba ce ta hana ta barci. Ta ga maƙwabci ya fita da mota ya dawo a ɗan sahu, ta lissafa wata 14 ana yankar albashi a kan abin da babu shi, ga kuɗin makarantar yara huɗu. Wannan ba rigimar mata ba ce, lissafi ne mai kyau. Inda zan ɗan saɓa mata shi ne, maganin wannan tsoron ba lallai sai cikakkiyar inshora ba. Ka zauna da ita ku raba asarar gida biyu: wadda za ta yi muku ciwo amma ku tashi, da wadda za ta durƙusar da gidan. Fasa fitila, lotsewar ƙofa, madubin da ɗan sahu ya tafi da shi, duk na farko ne, kuma a nan Corolla ta yi maka rana, don kayanta ba sa wuya a Ƙofar Ruwa, kuma da wuya ka sami bakaniken da bai san cikinta ba. Sata da gobara da bugun motar mai tsada su ne na biyu. Kuɗinka kaɗan ne, to ka kashe shi a kan na biyun.

Akwai inshorar da aka yi daidai wannan buƙata, ana ce mata tad-fati da gobara da sata. Tana biyan wanda ka yi wa ɓarna, tana biyan ka in motar ta ƙone ko an sace, amma ba ruwanta da gyaran karon taka. Kuɗinta yana tsakanin ƙaramar da cikakkiyar, kuma ba kasafai ake tallata ta ba, sai ka tambaya da bakinka. Wasu kamfanonin kuma suna da tad-fati mai ƙari, wadda ke ɗaukar gyaran taka motar zuwa wani ƙayyadadden adadi. Tana da kyau, amma ka tambaya ƙarara ko sata tana ciki, don sau da yawa ba ta ciki, kuma ita ce ta kawo ka. Maimakon ka yi ta yawo ofis-ofis, ka nemi dillalin inshora mai rajista da majalisar dillalan, NCRIB. Kamfani ne ke biyan sa kamasho, ya san waɗanda ke karɓar mota mai shekarun taka, kuma ranar neman diyya kana da mai tsaya maka. Ka ce ya kawo maka farashi uku a rubuce, ɗaya daga kamfanin takaful. Ka kuma leƙa ofishin ƙungiyarku ta wurin aiki. Su ma suna da kuɗi a jikin motar nan, ba mamaki suna da kamfanin da suke hulɗa da shi, ko su yarda su biya maka a dunƙule su riƙa cira kaɗan-kaɗan. Wannan yana da muhimmanci domin ƙa'idar ita ce sai an biya kuɗi inshora take fara aiki, babu "zan kawo ciko ƙarshen wata".

In har farashin gobara da sata ya zo kusa da na cikakkiyar, to ka yi tunanin daure wa cikakkiyar na shekara ɗaya tak, wato shekarar da bashin ya fi nauyi. Bayan ka gama biya sai ka sauko. Ba aure ba ne, duk shekara ake sabuntawa.

Kafin ka ba kowa ko sisi, ka fito da takardun motar ka baje su a tabarma. Sunan wa ke jiki? In har yanzu sunan dillalin mota ne ko na wanda ya shigo da ita, ka yi canjin mallaka, don kamfani ba ya biyan mutum diyyar abin da takarda ba ta nuna nasa ba ne. Lambar shasi da ke jikin motar ta yi daidai da ta takarda, harafi da harafi? Takardar kwastan tana nan, kuma ta gaske ce? A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, don haka motar da ta biyo ta Kwatano ta ɓarauniyar hanya takan zo da takardun da ba sa jure bincike. Lokacin karɓar kuɗinka ba lallai a tsananta ba, amma ranar da ka ce an sace, za a nemi asalin takardu da rahoton 'yan sanda da makullan motar. Ka ajiye na asali a gida, kwafi a mota. Mutane da yawa ɓarawo ya tafi da motarsu haɗe da duk shaidar cewa tasu ce.

To, mu dawo kan Zariya. Inshorar motar gida an rubuta ta ne a kan zirga-zirgar kanka da iyalinka da zuwa aiki. Ɗaukar fasinja don kuɗi yana cikin abubuwan da take cirewa a fili. Idan wani abu ya faru a Kwanar Dangora da fasinja huɗu a ciki, ɗaya ya ce "kuɗin mota na biya", kamfani yana da hujjar ƙin biyan ko kwabo, ko da dubu 350 ka ba su. Sai ka tashi da gyaran mota, da jinyar mutane, da bashi. Sannan ka tuna ɗaukar baƙin fuska a bakin hanya yana daga cikin hanyoyin da ake ƙwace mota, abin da uwargida take gudu ke nan. Na san ba don marmari kake yi ba, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ma'aikata da yawa sun koma haka. Amma hanya biyu ce kawai a gabanka. Ko ka faɗa wa dillalin gaskiya ya nemo maka inshorar motar haya, ka lissafa ko abin da Asabar take kawowa ya rufe ƙarin kuɗin har ya bar riba, ko ka ajiye kabu-kabun har bashin ya ƙare. In ni ne, da mota guda ga bashi a kanta, ajiyewa zan yi. Idan ka cire mai da taya da gajiyar inji, abin da ya rage daga zuwa Zariya da dawowa bai kai kasadar ba.

Ɓangaren da inshora ba ta ɗauka ba, kai za ka zama kamfanin kanka. Ka buɗe asusu daban, wanda ba ka yawo da katinsa, ka riƙa jefa dubu 10 ko 15 ranar da albashi ya shigo. A shekara ka tara dubu 120 zuwa 180, sun isa fanal bita da fenti da fitila. Ban ce adashi ba, don kwasar adashi ranarta take bi, ba ranar da tsautsayi ya zo ba. Ko da ma ka yi cikakkiyar inshora kana buƙatar wannan asusun, saboda ba ta biyan lalacewar inji ko giya da tsufa ya kawo. Ka kuma sa wa motar na'urar bin sawu, wasu kamfanonin ma sharaɗi ce a wurinsu kafin su karɓi sata. Ka haɗa da makullin sitiyari da ɓoyayyen makunnin da ke yanke mai, wanda mai wayarin zai sa maka da kuɗi kaɗan. A wurin ɗaurin aure da masallacin Juma'a da bakin kasuwa, ka ba mai gadi ɗari biyunsa ka ajiye inda ido yake.

Abu ɗaya da al'adarmu take sa mu yi asara a kansa: in an yi karo, jama'a su taru, a ce ƙaddara ce, a sasanta a bakin titi, mai laifi ya ɗauki alkawarin gyara. Sasanci abu ne mai kyau, amma in kana son kamfani ya biya, kada ka yi alkawarin kuɗi kafin ka kira su. Ka ɗauki hotuna ta kowane gefe kafin a matsar da motocin, ka karɓi lambar ɗaya direban da ta shaida, ka sanar da 'yan sanda, ka kira kamfanin a ranar, kuma kada a taɓa gyara sai sun turo an gani. In ka cika ƙa'ida suka tsaya jan ƙafa, NAICOM tana da sashen karɓar koke, ka rubuta musu da lambar inshorarka.

Gobe da safe ka fara da danna *565*11# ɗin nan ka duba takardar da ke cikin motarka yanzu, don ban ga ka faɗi inda ka samo ta ba. In ba ta fito ba, ka sayi ta dubu 15 kai tsaye daga kamfani, ka biya a asusun kamfanin ba na wani mutum ba, ka sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Ranar da dillali ya kawo farashi ukun nan, ka tafi da su gida ku duba tare da uwargida. A gaida ta, a gaida Yaya.